Muryar Malam a Cikin Kwamfuta

Abin nan da Malam ya ƙarar da ƙarfinsa a kai, shi ne ba shi da kyau, ko kuwa mu ne ba mu da haƙuri? Na tambayi kaina. Na tambayi ƙanwata, wadda ke zaune gabana yanzu tana rubuta wannan magana. Na tambayi duk wanda ya shigo yi mini gaisuwa in na ga alamar ya san kwamfuta. Kowa ya ba ni amsa, ba wadda ta zauna mini a zuciya. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da zan faɗa, abin da idona ya gani ne da wanda kunnena ya ji. Na gaya mata in na tsaya kuka ta ajiye biro ta jira ni, kada ta cike mini da nata.

Malam mijina ne, Allah ya jiƙansa. A Ƙofar Wambai ta Bauchi muka zauna tun aurenmu, a gidan da ya gada. Ma'aikacin gwamnati ne, mai buga takardu da tafireta. Da aka kawo kwamfuta ofishinsu, sa'anninsa duk suka ja da baya, shi kuwa ya rungume ta kamar ya tsinci ɗan'uwansa da ya ɓata. Da ya yi ritaya sai ya kama shago a bakin titi, ba nisa da gida. Yana buga wa mutane takardu, yana tsara katin ɗaurin aure, in kwamfutar wani ta lalace ya gyara. Shagon ya karɓu. Akwai lokacin da abincin rana sai dai in aika masa, ya ci a tsaye.

Wata rana ya dawo kafin la'asar, abin da bai saba ba. Na kawo abinci, ya dube shi ya ture.

Na ce, "Malam, lafiya? Ko gishiri ne ya yi yawa?"

Ya ce, "Ashe shekara da shekaru da kayan sata nake ciyar da ke."

Na zaci wani ya kawo masa kwamfutar sata 'yan sanda sun biyo sawu. Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce kowace kwamfuta akwai wani abu a cikinta da ake kira babbar manhaja. Ya ce in ɗauke ta kamar murhu. Sauran abubuwan da ake aiki da su, na rubutu, na zane, na kira, duk tukwane ne, a kan murhun ake ɗora su. To murhun da kowa ke amfani da shi a garin nan yana da masu shi, sayar da shi suke yi. Amma mu nan ba wanda ke saya, kwafa ake yi daga hannu zuwa hannu. Wani malamin makaranta ne da ya kawo aiki ya faɗa masa a cikin raha, shi kuwa Malam bai ɗauke ta raha ba.

Na ce, "To ai kowa haka yake yi."

Ya ce, "Kowa kabarinsa daban."

Haka yake. Mutum ne da in mai kayan miya ya yi masa gyara da yawa sai ya tsaya ya tambaya ko kuskure ne.

Ya daɗe cikin damuwa, har ya rame. Sai wata rana ya shigo yana dariya tun daga zaure. Ya ce ya samo wata babbar manhajar. Wai wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi ta, suka ce kowa ya ɗauka kyauta, ya ba wanda ya ga dama, ya gyara ta yadda ta dace da shi. Ya ce kamar rijiyar sadaka ce a bakin hanya. Sunanta ya faɗa mini ya fi a ƙirga, harshena bai taɓa kama shi ba. Ni dai ina kiranta ta Malam, waccan kuma ta kowa. A hankali duk unguwa haka suka koma kiransu.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ba kuma zan rage masa ba. Abin yana da kyau. Tsofaffin kwamfutocin da aka jefar, in ya sa musu sai su tashi da gudu. Cutar nan da ke shiga kwamfuta ta cinye wa mutane aiki, ita ba ta cika kama ta ba. Malam ya tabbata in mutanen Bauchi suka ji labari, layi za su yi a ƙofar shagonsa. Ga halal, ga kyauta, ga ƙarko. Me kuma ɗan'adam ke nema?

Ya goge ta kowa daga duk kwamfutocin shagon. Wannan nasa ne, ba mai cewa don me. Inda ya yi kuskure shi ne da ya fara sa wa mutane. In ka kawo gyara, sai ya ce maka, "Zan sa maka wadda ta fi." Kai kuma ka ga dattijo, ka ji kunya, ka ce to. Shi yana ɗaukar wannan "to" ɗin yarda ce. Bai taɓa gane cewa to ɗin kunya daban take da to ɗin so ba. Mutum ba zai musa wa mai furfura a gaban idonsa ba, sai dai ya fita ya bi ta bayan gida. Haka suka riƙa yi. A karɓa a yi godiya, har da addu'a, a wuce kai tsaye wajen masu gyara na kasuwar Wunti a goge a mayar da ta kowa. Malam yana zaune yana lissafa su cikin mutanensa, su kuwa sun daɗe da tafiya.

Mutum ɗaya ne ya zo ya faɗa masa a fuska. Wani Alhaji ne ɗan kasuwa daga unguwar Ɗan Iya, mai sayar da kayan gini. Bai same shi a shago ba ya biyo shi gida. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin su a zaure.

"Malam, jakina na kawo maka yana ɗingishi, ka mayar mini da raƙumi!"

"Ai raƙumin ya fi ɗaukar kaya, Alhaji."

"Na yarda. Wa ya iya hawansa a gidana? Abin da muke shigar da lissafin kayan shago ya ƙi buɗewa. Na kira mai yi mini aiki, ya duba ya ce shi bai taɓa ganin irinta ba. Na kai wa surukina da ke aiki a banki, ya juya ta ya juya, ya ce in mayar inda na samo."

"Ka ba ni lokaci kaɗan in koya musu."

"Malam, siminti nake sayarwa, ba makaranta na buɗe ba. Don girman Allah ka mayar mini da jakina, ko da ɗingishinsa."

Malam ya ce shi hannunsa ba zai ƙara sa wa kowa kayan sata ba. Alhaji ya ɗauki kwamfutarsa ya fita, bai zage shi ba, amma bai sake dawowa ba. Kuma Alhaji mutum ne mai jama'a.

Sai maganar katin biki. 'Yar maƙwabcinmu za ta yi aure, Malam ya ce shi zai tsara katin, gudummawarsa ce. Ya zauna ya ƙawata shi, ya kira ni na gani, furanni a gefe, rubutu a tsakiya. Aka sa a filas, ɗan abin nan da ake kwafar aiki a ciki, aka kai babban wurin bugu. Su kuma can da ta kowa suke aiki. Da suka buɗe, komai ya goce daga mazauninsa, ba su lura ba suka buga. Kati ya fito fure ya hau kan sunan ango ya rufe shi ruf. Mata a gidan biki suka samu abin yi. Wata ta ce, "Amarya dai mun gan ta, angon sai a tambayi fulawa." Aka kwashe da dariya, ina cikinsu ina murmushin dole. Malam ya yi ta bayani cewa laifin ba na tasa ba ne, waccan ce ba ta iya karanta aikin wasu ba. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma wa zai tsaya bin diddigin mai laifi? Abin da aka sani, katin da ya fito daga shagon Malam ne ya lalace.

Yana da taubashi, ɗan gwaggonsa, wanda ba ya raga masa ko a gaban waye. Shi ya laƙaba masa suna. In ya shigo zaure sai ya ɗaga murya don in ji:

"Salamu alaikum! Liman ba mamu yana ciki?"

Malam ya ce, "Shigo, ɓarawon zaune."

"Yau mutum nawa suka bi ka sallar?"

"Ko ni kaɗai ne, alƙiblata daidai take."

"Daidai take, amma ladan jam'i fa? Kai dai ka zo mu bi sahu, tsufa ya kama ka."

Su yi ta yi suna dariya. Amma in taubashin ya tafi, sai in ga Malam ya zauna yana murza hularsa a gwiwa.

Ya ce matsalar rashin sani ce, don haka zai koyar kyauta. Ya share zaure, ya shimfiɗa tabarmi, ya jera kwamfutoci duk ranar Asabar da hantsi. Ni kuma in dama kunu. Da farko an zo. Matasa ne masu neman aiki. Sai ɗaya ya tambaye shi, in an kira shi gwajin ɗaukar aiki a ofis, da wacce za a gwada shi? Malam ba ya ƙarya, ya ce da ta kowa. Asabar ta gaba rabi suka zo. Ana nan har ranar da na dama kunu ya huce a cikin kwano, Malam na zaune shi kaɗai tsakanin kwamfutoci a kunne, ya sa babbar rigarsa. Na leƙa na gan shi, na koma ɗaki na yi kukana ba tare da ya sani ba.

A ranar ne na yi masa magana. Na ce, "Malam, ka tuna lokacin da muke amare, in wutata ta mutu me nake yi?"

Ya ce, "Ki ɗauki kasko ki shiga maƙwabta."

Na ce, "To ina ganin abin da mutane ke tsoro ke nan. Ba kyan murhu kaɗai ake dubawa ba. Mutum yana so ya san in tasa ta mutu, akwai gidan da zai shiga ya ɗebo garwashi. Taka in ta mutu, duk garin nan gida ɗaya ne."

Sai ya ce, "Gaskiyarki. Ba za su zo ba sai an yi yawa, ba kuma za a yi yawa ba sai sun zo."

"To yaya za a yi?"

"Wani ne dai ya fara hura wutar farko."

Ni ma ban sani ba ko tsoro ne kawai, ko akwai wani abin. Wasu sun ce araha ba ta ado, wai abin da aka ba ka kyauta dole akwai aibi a jikinsa. Wasu sun ce hannu ne ya riga ya saba. Na ga kuma da idona lokacin da ya sayo sabuwar firinta, na'urar fitar da takarda, ta ƙi jituwa da manhajarsa, ya yi kwanaki yana fama, masu kawo aiki suna tsaye suna duban agogo, alhali shagon da ke kallonsa an sa irinta a take ta kama aiki. Shi wannan faman daɗi yake masa, kamar mai warware zaren da ya harɗe. Wanda ya zo buga takardar asibiti kuwa ba warwarar zare ta kawo shi ba.

Shago ya yi ta ja da baya har ya mayar da makulli, ya kwaso kayan ya zuba a ɗakin zaure. Fansho ya riƙe mu. Ba yunwa muka yi ba, kada a rubuta haka. Abin da ya ci shi daban ne.

'Ya ɗaya Allah ya bar mana, ta fari, sauran ba su zauna ba. Ta auri soja. Suna barikin Shadawanka, in na yi kewarta sai in hau keke mai ƙafa uku in je in wuni. Sai aka yi wa mijin canjin wurin aiki zuwa can kudu, bakin ruwa, tafiyar da sai an kwana a hanya. Ina da ƙaramar waya mai madannai, muna gaisawa. Amma murya ba fuska ba ce, ga jikoki suna girma ban gani. Ta aiko mini da babbar waya irin ta shafawa, na kasa. Idona ya yi yana, abubuwan ƙanana ne, ko'ina rubutu, in na taɓa nan sai can ya buɗe. Na mayar mata.

Malam ya ce, "Bari ki gani." Ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta irin mai buɗewa kamar littafi, ya duƙufa a kanta. Ya cire duk wani rubutu daga fuskarta, ya bar hotuna manya-manya, ba yawa, kowanne ya kai tafin hannu. Sannan ya yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Ya ɗauki muryarsa ya sa a ciki. In na kai 'yar kibiyar da ke yawo a fuskarta kan hoto, sai kwamfuta ta yi magana da bakin Malam.

"Wannan na karatu ne."

"Wannan na wa'azi ne."

"Wannan na kiran yarinyar nan ne."

Ko a cikin na'ura bai iya faɗin sunan 'yar fari ba. Na yi masa dariya, ya ce, "Ke faɗi mana in kin isa." Ban isa ba.

Da hantsi ya ɗauki muryoyin, a tsakar gida. Ya sa na ɗaure akuya a bayan ɗaki don kada ta shiga, amma sai da ta shiga. A na wa'azin, in ka kasa kunne, kana jin ta daga nesa. In na danna inda ba daidai ba, sai ya ce, "A'a, Malama, ba nan ba. Koma baya." A wannan akwai dariya a muryarsa, don lokacin da yake ɗauka ina gefe ina harararsa. In zan rufe kuma ya ce, "Sai anjima, ɗalibata."

Ya ce mini, "Kin ga abin da nake faɗa? Wannan ta yarda a shiga cikinta a gyara ta daidai da mutum. Ga ki, ko bihim ba ki sani ba, kina aiki da kwamfuta."

Da taubashin ya zo ya gani, ya riƙe baki. Ya ce, "Lallai liman ya samu mamu. Amma dai sai da ya haɗa da sadaki."

Shekarun nan su ne masu daɗin. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in buɗe in danna, fuskar yarinyar nan ta cika gabana, jikoki suna turereniya kowa na son a gan shi. Duk garin nan ni kaɗai na rage a kan manhajar Malam, ni da shi. Lokaci-lokaci kiran yakan tsaya. Wai masu abin kiran ne suke sauya shi, kuma in za su sauya, masu ta kowa suke tunawa, don su ne masu yawa. Malam sai ya sa tabarau, ya buɗe wani baƙin allo a ciki, ya yi ta rubuce-rubuce, kafin wani lokaci ta dawo. Ban taɓa damuwa ba. Ban taɓa tsayawa na ce, to ranar da babu shi fa?

Tsaya, ƙanwata. Bari in sha ruwa.

Malam yana alwalar azahar ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafa, baki ya karkace. An yi asibiti, an dawo gida. Yarinyar nan ta zo ta yi jinya iya ƙarfinta, ga ciki tsoho, dole ta koma ɗakinta. Hankalinsa garau, yana gane kowa, amma kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito, in ta fito ma sai wanda ya saba ke ganewa.

Ba a daɗe ba kiran ya sake tsayawa. Na danna, muryarsa ta ce, "Wannan na kiran yarinyar nan ne," sai wani rubutun Turanci ya fito ya tsaya. Na sake, haka. Na ɗauki kwamfutar na ɗora masa a ƙirji. Ya karanta, na ga ya gane abin da ya faru, ya kuma san maganinsa. Ya ɗaga hannun hagu yana rawa, ya danna nan ya goce, ya danna can ya goce. Ya dube ni, yana nuna mini madannai da ido. Ni kuwa duk baƙaƙen nan kamanninsu ɗaya a wurina. Aka kira ƙanwata, ita ta yi karatu, malamar firamare ce har ta yi ritaya. Ta zauna tana cewa, "Yaya, wannan? Ko wannan?" Yana ta fitar da sauti, ba ta gane ba, abin da ake rubutawa a baƙin allon nan ba irin Turancin da ta koyar ba ne. Gyaran yana cikin kansa, tsakaninsa da kwamfutar bai fi taƙi ɗaya ba, ya rasa hanyar fita. Hawaye ya gangaro masa ta gefen da ya shanye. Na ɗauke kwamfutar.

A cikin haka yarinyar nan ta haihu. Muka ji kukan jaririn ta ƙaramar waya. Wata maƙwabciya ta kawo tata wayar aka nuna mana, ni dai inuwa na gani tana motsi. Kuma ba kullum za ka aika a kira maka mutum da wayarsa ba.

Na naɗe kwamfutar a zane, na hau keke zuwa Wunti. Ban taɓa shiga layin masu gyaran nan ba. Na farko ya kunna, da muryar Malam ta fito sai ya zabura, ya kira na kusa da shi.

"Kai, zo ka ji! Irin ta tsohon nan ce na Ƙofar Wambai."

Na ce, "Mijina ne. Yana kwance."

Na farkon ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, Mama. Ki yi haƙuri. Amma wannan sai dai a goge a sa ta kowa."

"In an goge, muryar fa?"

"Za ta tafi, Mama."

"Ba za ka iya cire ta ka ajiye mini ba?"

Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Baba ya rufe ko'ina don kada ki ɓata. Ni ko ƙofar shiga ban gani ba."

Na bi rumfa rumfa, magana ɗaya. Wani mai ɗan shekaru ya ba ni kujera, ya sayo mini ruwa. Ya ce, "Mama, wallahi ba ƙi muke yi ba. Mun san tana da kyau. Amma in na zauna na koye ta, wa zai kawo mini irinta? Shekara ta zagayo ban ga ɗaya ba. Da abin da ke shigowa rumfa muke ci."

Ban ga laifinsa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan a duk labarin nan, na nemi wanda zan ga laifinsa na rasa. Alhaji da gaskiyarsa. Matasan nan da gaskiyarsu. Mai gyara da tasa. Malam ma da tasa. Kowa da gaskiya, ga shi mutum ya ƙare shi kaɗai.

Da na dawo, idonsa na kan ƙofa. Ban ɓoye masa ba, ba mu saba da haka ba. Na faɗa masa duk abin da suka ce. Ya juya fuskarsa bango. Daga ranar bai ƙara tambayar kwamfutar ba. Ni kuma nakan shiga ɗaya ɗakin in buɗe ta a hankali, in danna inda ba daidai ba da gangan, don in ji ya ce mini "A'a, Malama" da bakinsa na da, mai lafiya, alhali mai bakin yana kwance bayan bango ba ya iya kiran ruwa.

Allah ya karɓi abinsa wata ranar Laraba da hantsi.

Duk tsawon takaba da muryar nan na zauna. Da na fita, na naɗe kwamfutar na koma wajen mai ɗan shekarun nan. Ya ce, "Mama, kin tabbata?" Na ce ya yi. Kafin in rufe ta na ƙarshe, ta ce mini sai anjima. Bai ɗauki lokacin da tukunyar shinkafa ke nuna ba ya gama. Sai bayan kwana biyu wata mata da ta zo gaisuwa ta ce, "Ayya, me ya sa ba ku kara waya kun ɗauki muryar ba kafin a goge?" Ba wanda ya tuna. Ni ban san ana yi ba, ƙanwata ba ta kawo a ranta ba, mai gyaran ma haka. Ga ta nan tana kuka, ita ma. Rubuta, ba laifinki ba ne.

Yanzu kiran yana yi. Na ga jikan, har ya fara tafiya, goshin Malam ne da shi. Amma fuskar kwamfutar ta cika da rubutu da ƙananan abubuwa, ba mai ce mini ga inda zan taɓa. Sai na jira ƙanwata ta zo, ko wani ya shigo in roƙe shi. Kowa a unguwar nan ya iya ta, sai ni mai ita. In ba kowa, haka take wuni a rufe a kan akwati. Manhajar Malam kuwa, ban san ko akwai sauran mai ita a garin nan ba. In akwai, ban ji labarinsa ba.

Mutane suna tambayata yadda na iya kai kwamfutar da hannuna a goge muryarsa. Ba ni na yanke ba. A safiyar da zai tafi, na gama shafa masa ruwa a fuska, sai ya kama bakin zanena da hannun hagu. Ya juya ido wajen ƙofar ɗakin da nake ɓuya da kwamfutar. Ashe duk yana ji. Na sunkuya na kai kunnena bakinsa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, kalma na fita ɗaya bayan ɗaya, amma ban rasa ko guda ba.

"Ki kai... su goge. Ni na gama magana. Yarinyar nan ba ta gama ba."